Yadda na bi ofisoshin Jihar Bahar Maliya ta Sudan kafin a bar ni in shiga ƙauyukanta

A ƙarshen shekarar 2018, ina karatun digiri na biyu a fannin labarin ƙasa a Khartum, na fita tattara bayanai a Jihar Bahar Maliya da ke arewa maso gabashin Sudan. Bincikena a kan ruwan sha ne, yadda yake yanke wa mutane inda za su zauna da lokacin da za su tashi. Tun daga wancan lokaci ɗalibai 'yan gida, na Najeriya da na Nijar, suke tambayata yadda na sami izinin shiga ƙauyukan jihar, da wanda ya kamata a fara gani, da abin da za a riƙe a hannu. Shi ya sa na ga ya dace in jera abin yadda ya faru, domin ni ban sami wanda ya zana mini hanyar ba. A bakin ƙofar kowane ofis nake jin sunan na gaba.

Sai mutum ya san fasalin jihar kafin ya gane abin da ya sa takardunta suke da yawa. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita dubu 210, wato ta ninka Jihar Kano sau goma, amma ƙidayar 2008 ta sami mutum kusan miliyan 1.4 ne kawai a cikinta, alhali Kano a ƙidayar 2006 ta wuce miliyan 9. Masar ce a arewacinta, Iritiriya da Jihar Kasala a kudu, Jihar Kogin Nilu a yamma, gabas kuwa teku ne, kuma duk gaɓar tekun da Sudan ta mallaka, mai tsawon fiye da kilomita 700, a cikin wannan jiha take. Ƙasar kashi uku ce a tsaye: siririn fili a bakin teku, sai jerin duwatsu da suka bi tekun daga kudu zuwa arewa, waɗansu tsayinsu ya wuce mita 2,000, sai hamada da ke gangarawa wajen Nilu. Babu kogi ko ɗaya da ke gudu duk tsawon shekara. Ranar da malamin da ke duba aikina ya shimfiɗa taswirar a kan teburinsa, ya ɗora yatsa a kan wani makeken fili da babu sunan gari ko ɗaya, ya ce mini kada farin takardar ya ruɗe ni, babu kwari ko rijiya a wurin da ba ta da mai ita. Jiha ce mai iyaka da ƙasashe biyu, da tashoshin jiragen ruwa, da bututun mai, da ma'adinan zinariya, don haka baƙo mai yawo da littafi da na'urar GPS mai nuna daidai inda wuri yake a taswira dole a so sanin ko shi wane ne.

A Khartum aka fara. Shugaban sashenmu ya rubuta takarda da Larabci mai bayyana sunana da ƙasata da taken binciken da tsawon lokacin da zan yi, aka kai ofishin karatun gaba da digiri aka buga hatimi, sannan ofishin kula da ɗalibai baƙi ya ɗora tasa takardar a kai. Kafin a karɓi komai sai da aka duba iƙamata, wato izinin zama a ƙasar, a cikin fasfo, domin in wa'adinta zai ƙare kana cikin tafiya ba za a saurare ka ba sai ka sabunta. Daga nan na nufi ofishin da ke ba baƙi izinin fita daga babban birni, da hotuna ƙanana da kwafin fasfo da na iƙama. A fom ɗin akwai gurbin wuraren da za a ziyarta, kuma nan ne duk maganar take. Wani ma'aikaci mai furfura da ya karɓi takarduna ya ce mini, “Ya ustaz, kada ka rubuta sunan jiha kawai. Rubuta kowane gari da sunansa, har wanda ba ka tabbata za ka je ba. Abin da babu a takarda, babu shi a hanya.” Na cika gurbin har na gangara gefen takarda: Bur Sudan, Suwakin, Sinkat, Arkawit, Arba'at, Tokar. Na kuma nemi izinin ɗaukar hoto, wanda takardarsa daban ce, a jikinta an jera abubuwan da ba a ɗauka, irin su gadoji da barikin soja da tashar jiragen ruwa. Ofisoshi suna aiki ne daga Lahadi zuwa Alhamis, kuma wajen ƙarfe goma zuwa sha ɗaya na safe kowa yakan tashi cin abincin da suke kira faɗur. Wanda ya iso da sassafe yakan gama kafin a tashi, wanda ya iso a tsakiyar faɗur kuwa sai ya nemi benci.

Kuɗin takardun ba su da yawa, tambarin haraji ne da 'yan kuɗin fom, duk da dai na baƙo ya fi na ɗan ƙasa. Wahalar ita ce samun tsabar kuɗin kansu. A watan Oktoban shekarar aka karya darajar fam, kuɗin Sudan, zuwa 47.5 a kan dala ɗaya, bankuna kuma ba su da takardun kuɗi, mutum zai kwana a layin na'urar cirar kuɗi ya tashi da abin da bai kai cefanen mako ba. Katin bankinmu na gida a lokacin ba ya aiki a Sudan ko kaɗan. Sai da na tara tsabar kuɗin tafiyar kaɗan-kaɗan ta hannun 'yan'uwa ɗalibai da 'yan kasuwarmu kafin in sa ranar tashi. Abu na ƙarshe da na yi shi ne zuwa shagon fotokwafi, na buga izinin tafiya da fasfo kwafi mai yawa, har mai shagon ya tambaye ni ko ayari zan jagoranta. Kusan duk sun ƙare kafin in dawo.

Da asuba muka tashi a babbar bas, muka bi hanyar Shandi zuwa Atbara, daga nan muka karkata gabas zuwa Haya. Tafiyar kimanin kilomita 800 ce, kuma an fi sonta a kan tsohuwar hanyar da ke zagayawa ta Madani da Gadarif da Kasala, wadda ta kusa kilomita 1,200. Bayan Atbara ne na fara ganin abin da alƙaluman ƙidaya suke nufi. Sai a yi tafiya mai nisa ba gida ba gona, sai tsakuwa baƙa da ƙayoyi jefi-jefi da layin dogon da aka kammala a 1906 yana bin gefen titi, can kuma sai ka hango buhunan gawayi a jere a bakin hanya ba kowa kusa da su, mai su yana wani wuri a inuwa da ido ba ya kai wa. A kowane shinge yaron mota yakan kira baƙi mu sauka, a karɓi kwafi ɗaya, a rubuta suna a babban littafi, a ce mu tafi. Ba wanda ya ɗaga mini murya, amma duk lokacin da na sauko fasinjoji suna jirana sai in ji nauyi. Bayan Sinkat titin yakan faɗa cikin mashigin dutsen da ake kira Agaba, yana lanƙwasa yana gangarawa, kunne yana toshewa, har a fito fili a ji iska ta yi nauyi da laima. Da dare muka shiga Bur Sudan, birnin da gidajen rediyo ke kira Port Sudan.

Na sauka a gidan wasu Hausawa da wani abokin karatuna ɗan Gadarif ya haɗa ni da su. Kakanninsu sun baro ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar aikin hajji, kamar dubban da suka bi hanyar Suwakin, tsohuwar tashar jiragen ruwa, suka zauna neman guzuri har zama ya zama gida. Maigidan, dattijo ne da ya yi shekaru yana aikin dako a tashar jiragen ruwa, Hausarsa tana gauraye da Larabci amma ba abin da ya ɓace mini. A daren farko ya karɓi takarduna ya juya su, ya ce, “Ɗana, waɗannan za su kai ka ƙofar gari. Shiga ciki kuwa sai da mutanen wurin.” Na ce, “To Baba, wa zan gani?” Ya ce in gama da gwamnati tukuna, kada in tsallake kowa. A gidan ne kuma na fara karatun ruwa tun kafin in buɗe littafi. Famfo yana nan a tsakar gida amma ba ya kawowa sai an yi sa'a, kullum da safe mai amalanken jaki yake zuwa da ganga, ana saye jarka bibbiyu, a ware na sha daban da na wanki mai ɗan gishiri. Birnin da Turawan Ingila suka fara ginawa a 1905 suka buɗe tasharsa a 1909, domin mashigin Suwakin ya yi wa manyan jirage ƙunci saboda duwatsun murjani, an kafa shi ne don jirgi ya sami wurin tsayawa. Ruwan shan mutanensa daga wani kwari yake zuwa mai nisan kusan kilomita 40.

Ranar Lahadi na fara da sakatariyar gwamnatin jiha. A nan na fahimci tsarin. Jihar ta samu ne a 1994, lokacin da aka raba Sudan jihohi 26 aka tsaga yankin gabas gida uku, Bahar Maliya da Kasala da Gadarif. Gwamna, wanda suke kira wali, yana Bur Sudan. A ƙarƙashinsa akwai ƙananan hukumomi goma da ake kira mahalliyya: Bur Sudan, Suwakin, Sinkat, Haya, Durdeb, Tokar, Agig, Gunub da Aulib, Jubait al-Ma'adin, da Hala'ib. Kowace a lokacin tana da shugaba da ake kira mu'utamad, da babban jami'in gudanarwa wanda shi ne ainihin mai riƙe da takardu, sannan an kasa ta gundumomi, a ƙasa kuma kwamitocin unguwanni da ƙauyuka. Takardar jami'armu ba ta da ƙarfi a ƙaramar hukuma kai tsaye, sai sakatariya ta rubuta tata zuwa ga kowace mahalliyya da sunanta. An karɓi tawa aka ce sai jami'an tsaro sun duba. Aka tura ni wani gini, wani matashi ya karanta takardar tambayoyina layi-layi, ya tambaye ni me zan yi da GPS, na ce wurin rijiyoyi zan riƙa ɗauka, ya ce in rubuta haka da hannuna in sa hannu. Bai hana ni komai ba, amma jiran amsar ya ci mini fiye da mako, kullum in je a ce gobe. A kwanakin nan ne raina ya fi ɓaci a duk tafiyar, ga kuɗi suna narkewa ga lokaci yana tafiya, ga kunyar zama a gidan mutane ba aikin fari ba na baƙi. Abin da ya sauƙaƙa shi ne wani malami a Jami'ar Bahar Maliya da malamina ya ba ni lambarsa. Ya raka ni sau ɗaya, ya gabatar da ni a matsayin ɗalibin abokinsa, washegari takardun suka fito, kowace a ambulan ɗinta.

Lokacin jiran ban zauna haka ba, na riƙa zuwa ofishin ƙididdiga na jiha. Sun karɓe ni hannu bibbiyu, suka ba ni teburan ƙidayar 2008 na kwafa. Birnin Bur Sudan kaɗai yana da mutum kusan dubu 400 a ƙidayar, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na jihar. In ka cire shi da Suwakin da Tokar da garuruwan kan layin dogo, abin da ya rage an watsa shi ne a cikin kwaruruka. Lissafin mutum shida ko bakwai a kowane murabba'in kilomita gaskiya ne a takarda, amma ba ya kwatanta ko'ina a jihar, domin wuri ko dai cike yake ko kuwa wayam. Mafi yawan mutanen karkara Beja ne, Hadandawa da Amarar da Bishariyin, masu harshensu na Bidawiyet, sai Bani Amir da Habab a kudu wajen iyakar Iritiriya waɗanda da yawansu Tigre suke yi, sai Rashayida da suka ƙetaro daga Hijaz a ƙarni na 19. Birnin kuwa ya tara kowa, 'yan arewacin Sudan da Nuba da Hausawa da Fulani da Barebari. Wani ma'aikacin ofishin ya nuna mini unguwannin gefen birni a taswira ya ce yawancinsu bayan farin 1984 zuwa 1985 suka cika, lokacin da dabbobin Beja suka mutu makiyaya suka gangaro neman abinci. Shi ya ja kunnena cewa adadin kowane ƙauye ya danganta da watan da aka ƙirga shi.

Mahalliyyar Gunub da Aulib na fara kai wa takarda, domin a cikinta kwarin Arba'at yake, wanda ruwan shan Bur Sudan yake fitowa daga gare shi. Babban jami'in gudanarwa ya karanta, ya rubuta wani abu a gefe da jan biro, ya tura ni ga jami'in gunduma, shi kuma ya ce ba zai bar ni in tafi ni kaɗai ba sai ya sanar da umda. A nan na shiga mulki na biyu, wanda ba ya cikin kowane fom da na cika. Kowace babbar ƙabila tana da shugaba da ake kira nazir, a ƙarƙashinsa umdodi, a ƙarƙashinsu shehunan zuriya, kuma su ne suka san wace zuriya ce ke da wane kwari, wa ke da ikon haƙa rijiya, wa ya zo kiwo da aro. Rikicin ƙasa da na jini da al'adarsu ta silif ake sasanta shi kafin ya kai kotu. Da ɗan gari akan ci gari, don haka na ɗauki tafinta, wani malamin firamare Ba'amarare, na kuma yi hayar a-kori-kura da direbanta. Motar nan ita ta cinye fiye da rabin kuɗin binciken gaba ɗaya, domin ana ƙarancin man dizal, sai direba ya kwana a layi ko a saya da tsada a bayan fage. Duk wanda zai tsara kasafinsa ya fara da mota, sauran abubuwa ƙanana ne.

Umdan ya karɓe mu a ƙarƙashin wata bishiya kusa da bukkokin tabarmar kaba. Ba a taɓa maganar da ta kawo mu ba sai da aka gama gaisuwa mai tsawo, ana tambayar ruwa da dabbobi da lafiyar hanya. Wani yaro ya soya 'ya'yan gahawa a ɗan kasko, ya daka su da citta a ƙaramin turmi, ya zuba a tulun yumɓu mai dogon wuya da suke kira jabana, ya toshe bakin da zaren kaba don tacewa, aka riƙa zagayawa da 'yan ƙananan kofuna. Tafintana ya riga ya gaya mini kada in miƙe kafin a gama zagayen, kada kuma in tambayi mutum yawan raƙumansa ko sunan matarsa. Saboda haka tambayar yawan dabbobi muka mai da ita tambayar sau nawa ake shayarwa a rijiya da tsawon lokacin da garke yake ɗauka. Takardar gwamnati kuwa umdan ko buɗe ta bai yi ba, ya miƙa wa wani ɗansa ya ajiye. Abin da ya tambaya shi ne wa ya aiko ni, kuma me mutanensa za su samu. Na gaya masa gaskiya, cewa ni ɗalibi ne, ba ni da rijiya ko magani da zan kawo, abin da zan iya shi ne in rubuta abin da na gani daidai. Ya yi shiru, sannan ya haɗa ni da wani dattijo ya zagaya da mu. Ɓangaren mata kuwa namiji baƙo ba ya shiga, kuma su ne suka san lissafin ruwan gida, don haka sai da na koma birni na nemi wata ɗaliba mai jin Bidawiyet ta riƙa yi mini wannan ɓangaren. A Arba'at na ga madatsar da birnin ya dogara da ita, da rijiyoyin cikin kwarin, da bututun da ke ɗaukar ruwan ya wuce ta gaban mutanen da ke jan nasu da guga. Wannan abu ya tsaya mini a rai har yau.

Sinkat ta fi sauƙi, domin takarda ta riga ni isa kuma an saba da masu bincike. Garin yana kan tudu, iskarsa busasshiya, nan ne kuma hubbaren Sharifiya Maryam ta gidan Mirgani yake, inda ake taruwa duk shekara. Daga nan muka hau Arkawit, sama da mita 1,000, inda hazo daga teku yake sauka a kan duwatsu da hunturu har ciyawa ta tsiro, kuma a nan kabarin Usman Digna yake, jagoran yaƙin Mahadi a gabas. A wannan yanki na gane maganar ma'aikacin ƙididdiga. Bakin teku da hunturu yake samun ɗan ruwansa, daga Nuwamba zuwa Janairu, bayan duwatsu kuma da bazara zuwa damina. Makiyaya suna bin wannan, su gangara gaɓa da sanyi su hau tudu da zafi. Mutanen birni ma haka, in zafin Yuni zuwa Agusta ya tsananta har ya wuce digiri 45, masu hali sukan kwashe iyali zuwa Sinkat da Arkawit, makarantun jihar ma a lokacin suke dogon hutu. Mun je wani wuri da takarda ta ce akwai gidaje da yawa muka tarar da da'irar duwatsun murhu kawai, mutanen sun gangara.

Suwakin, mai nisan kimanin kilomita 60 kudu da Bur Sudan, a yini ɗaya na gama da ofishinta. Tsohon garin da ke kan tsibiri, wanda aka gina da dutsen murjani, ya zube kusan duka, sai masallatai biyu da Turkiyya ta gyara. Daga tashar Usman Digna da ke gefensa jirage suke ɗaukar fasinja da dabbobi zuwa Jidda. Na tsaya a bakin ruwan na tuna cewa nan ne ƙarshen tafiyar ƙasa ga alhazanmu na da, bayan shekaru a hanya. Tokar kuwa, kimanin kilomita 160 daga babban birnin jihar, sai da aka sake duba izinina a hanya da kyau saboda kusancinta da iyaka. Ita ce wurin noma mafi girma a jihar. Kogin Baraka yana tasowa daga tsaunukan Iritiriya, ya zo da ambaliya tsakanin Yuli da Satumba ya baje a fadama, in ruwan ya janye a shuka auduga da dawa da gero a kan laimar. Tun shekarun 1860, zamanin mulkin Turkawa da Masar, ake noman auduga a wurin, kuma mutanenmu na yamma suna cikin waɗanda suka yi ƙwadagon gonakin. Yanzu wata ƙaya da ake kira miskit ta mamaye babban ɓangaren fadamar. A Tokar bayan mahalliyya akwai hukumar aikin noman fadamar, wadda take da nata bayanan filaye, don haka mai binciken ƙasa ko ruwa yana bukatar takarda ta biyu zuwa gare ta. Da na sani tun a sakatariya ake neman a haɗa da ita, kuma haka nake gaya wa duk wanda zai je.

Agig da Hala'ib ban je ba, izinin yankunan iyaka daban ne kuma lokacina bai kai ba. Game da Hala'ib akwai abin da ɗalibi ya kamata ya sani kafin ya zana taswira. Yarjejeniyar Ingila da Masar ta 1899 ta sa iyakar Sudan da Masar a kan layin taswira na digiri 22 arewa, amma a 1902 aka ja wata iyakar gudanarwa da ta bar yankin mai faɗin kimanin murabba'in kilomita dubu 20 a hannun Khartum. Tun tsakiyar shekarun 1990 Masar ce ke riƙe da shi, Sudan kuma tana lissafa shi cikin jihar, mahalliyyar tana aiki daga garin Osif. Taswirar da za ka miƙa wa jami'ar Sudan ko ofishin gwamnatinta dole ta nuna yankin a cikin Sudan, sannan ka bayyana halin da ake ciki a rubuce.

Kafin in bar jihar na koma sakatariya da ofishin ƙididdiga na sanar da su na gama, na kuma aika wa umdan Arba'at saƙon godiya ta hannun tafinta tare da sukari da gahawa. Ba doka ce ta ce a yi ba, amma ɗalibin da zai zo bayanka da sunanka za a auna shi. Wanda zai bi wannan hanya ya riƙe jerin yadda yake: jami'a, izinin tafiya mai ɗauke da sunan kowane gari, sakatariyar jiha, tsaro, mahalliyya, gunduma, sannan umda, kada ya fara daga ƙasa don yana sauri, kada kuma ya ɗauka hatimin sama ya isar masa. Ya nemi malami ɗaya a jami'ar jihar tun kafin ya taso. Ya zo tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ya rubuta watan da ya ƙirga kowane ƙauye a gefen adadin. Ya sa mace cikin masu taimaka masa tun farko, ya kuma ware wa jira kwanakinsa a cikin jadawali.

Abubuwa da yawa sun sauya tun bayan tafiyata. Gwamnatin Bashir ta faɗi a Afrilun 2019, sunayen wasu muƙamai da kwamitocin unguwanni suka canza. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya sa ma'aikatun tarayya da ofisoshin jakadanci suka koma Bur Sudan, ta nan aka kwaso wasu daga cikin ɗalibanmu zuwa gida, mutanen da suka gudo daga Khartum da Jihar Jazira kuma suka cika makarantu da unguwanni, ta yadda alƙaluman 2008 ba sa kwatanta birnin ko kusa. A ƙarshen Agustan 2024 madatsar Arba'at ta fashe bayan ruwan sama mai ƙarfi, ta share ƙauyuka a kwarin da na zagaya, mutane da dama suka rasu, Allah ya jiƙansu, Tokar ma ruwa ya shiga cikinta a wannan damina. Duk mai niyyar zuwa yanzu ya fara tuntuɓar ofishin jakadancin ƙasarsa da jami'ar da za ta tsaya masa a kan halin tsaro, ya kuma ɗauka cewa binciken takardu zai fi na zamanina tsanani, musamman ga mai ɗauke da kyamara da GPS.